Waƙa a ɗakin gashi: Dalilin koya wa ɗaliban fisiyo dabarun mawaƙa

Mutumin da ciwon huhu ya kai shi ga tsayawa sau biyu yana haki kafin ya gama hawa matakalar bene ɗaya, idan aka ce masa ya je ya koyi waƙa, zai ɗauka ba'a ake yi masa. Amma a Birtaniya sama da shekara 15 ke nan asibitoci suna tura irin waɗannan majinyata zuwa ajin rera waƙa. Abin ya yi nisa har masana sun fara ganin ya dace a koya wa ɗaliban fisiyo, wato masu karatun gashi da motsa jiki, dabarun da mawaƙa ke sarrafa numfashi da su tun suna makaranta.

Maganar tana da nauyi fiye da yadda ake jin ta da farko. Likitan fisiyo shi ne ma'aikacin da ke koya wa mai ciwon ƙirji yadda zai yi numfashi, da yadda zai fitar da kaki, da yadda zai motsa jiki ba tare da ya galabaita ba. Babbar matsalarsa ita ce majinyata kan bar atisayen da aka ba su da zarar sun koma gida. Masu goyon bayan waƙa suna cewa sun samo hanyar da za ta sa mutum ya ɗore a kan atisayen. Masu shakka kuma suna cewa hujjojin ba su kai a sauya manhajar karatu saboda su ba. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, kuma sai an auna su biyun kafin a san abin da ya dace a koya wa ɗalibi.

Ciwon da ke hana iska fita

Cutar da aka fi gwada wannan dabara a kanta ita ce ta toshewar hanyoyin numfashi mai daɗewa, wadda likitoci ke kira COPD. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna ta kashe mutum miliyan 3.5 a shekarar 2021, abin da ya sa ta zama ta huɗu a jerin cututtukan da suka fi kisa a duniya. Kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda take kashewa kafin su kai shekara 70 suna zaune ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki. Shan taba ne babban sanadinta a ƙasashen Turai, amma a ƙasashe masu tasowa hayaƙin itace da gawayi da ƙurar wurin aiki suna da nasu babban kaso.

Mutane da yawa suna zaton matsalar mai wannan ciwo ita ce shaƙar iska. A haƙiƙa fitar da ita ce ta fi ba shi wahala. Hanyoyin iskar da ke cikin huhunsa sun ƙuntata, ƙananan jakunkunan iskar kuma sun rasa ƙarfin tsukewa. Saboda haka duk numfashin da ya yi sai wata iska ta maƙale a ciki. Idan ya yi sauri ko ya ɗauki kaya, numfashinsa ya ƙaru, lokacin fitar da iska ya ragu, tsohuwar iska ta ƙara taruwa, sabuwa ta rasa wurin shiga. Ƙirji ya kumbura, faffaɗan naman da ya raba ƙirji da ciki, wanda shi ne ginshiƙin numfashi, ya baje ya rasa ƙarfinsa, sai mutum ya koma jan iska da kafaɗu da wuya.

Daga nan sai tsoro ya shigo. Wanda ya taɓa jin numfashinsa na neman ɗaukewa yakan guji duk abin da zai sake jawo masa hakan. Ya daina tafiya mai nisa, ya rage fita, tsokar ƙafafunsa ta yi rauni, sai ɗan motsi kaɗan ya riƙa sa shi haki. Haki ya haifi tsoro, tsoro ya haifi zama, zama ya ƙara haki. Magani yana buɗe hanyoyin iska gwargwadon hali, amma ba ya warware wannan sarƙa shi kaɗai.

Abin da aka tabbatar yana warware ta shi ne shirin farfaɗo da masu ciwon huhu: mako shida zuwa takwas na motsa jiki da ilmantarwa, sau biyu a mako, a ƙarƙashin kulawar likitan fisiyo. Amfanin wannan shiri ba abin jayayya ba ne a tsakanin masana. Matsalarsa ita ce halarta. Ko a Ingila, inda ake yin sa kyauta, bitar da aka yi a 2015 ta nuna waɗanda ke kammala shi ba su kai rabin waɗanda aka tura ba.

Abin da mawaƙi ya sani

A nan ne sana'ar mawaƙi ta haɗu da buƙatar majinyaci. Lafiyayyen baligi yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya ba tare da ya sani ba. Mawaƙi kuwa da gangan yake yin nasa. Yakan ja iska cikin gaggawa zuwa ƙasan ƙirji, sannan ya riƙa sakinta sannu a hankali har ya kai ƙarshen baiti, yana amfani da tsokar ciki wajen daidaita fitarta. Jinkirta fitar da iska da sarrafa ta, wato abin da mai COPD ya fi buƙata, shi ne aikin mawaƙi na kullum.

Likitocin fisiyo sun daɗe suna koyar da wani abu makamancin haka. Sukan ce wa majinyaci ya shaƙi iska ta hanci, ya fitar ta baki yana tsuke leɓɓa kamar mai busa shayi mai zafi. Tsukewar tana mayar da ɗan matsi zuwa cikin hanyoyin iska, ta hana su rufewa da wuri. Malaman murya suna da tarin atisaye masu aiki a kan wannan ƙa'ida: rera sauti da baki a rufe, karkaɗa leɓɓa da iska, jan sautin "sss" ko "vvv" na tsawon lokaci, da yin sauti ta cikin siririn bututun shan lemo. Duka suna rage faɗin ƙofar fitar iska, su tsawaita numfashi.

Ajin waƙa na masu ciwon huhu yakan ɗauki kamar awa ɗaya. Ana farawa da gyara zama da tsayuwa da sassauta kafaɗu da wuya da muƙamuƙi. Daga nan a shiga atisayen numfashi, sai ɗumama murya, sannan waƙoƙi. Ana zaɓar waƙar ne bisa tsawon layukanta: a fara da gajeru, a riƙa ƙara tsawo a hankali. An fi son irin waƙar da jagora zai bayar a amsa masa, domin tana ba kowa damar hutawa tsakanin layi da layi. Daɗin murya ba sharaɗi ba ne, kuma ba a shirya kowa don hawa dandamali.

Bambancin da ke tsakanin wannan da atisayen da aka saba shi ne inda hankalin majinyaci yake. Wanda aka ce ya zauna ya ƙirga numfashinsa, hankalinsa na kan abin da yake tsoro. Wanda ke bin waƙa kuwa hankalinsa na kan kalmomi da kari da abokan rerawa, numfashin ya daidaita ba tare da ya sa masa ido ba.

Daga Landan zuwa Denmak

Asibitin Royal Brompton da ke Landan, wanda ya shahara a kan cututtukan huhu da zuciya, yana cikin wuraren da aka fara wannan aiki wajajen 2008, ƙarƙashin jagorancin Phoene Cave, mawaƙiya kuma ƙwararriya a jinya ta hanyar kiɗa da waƙa. Daga baya Gidauniyar Huhu ta Birtaniya ta ɗauki nauyin horar da jagorori, ƙungiyoyin rerawa suka bazu a garuruwa. A 2016 wani likitan fisiyo, Adam Lewis, ya jagoranci masana wajen tattara binciken da aka yi da fitar da matsaya ɗaya kan yadda ya kamata a gudanar da ajin da irin horon da jagora ke buƙata.

Siyasar lafiya ma ta taimaka. A 2019 hukumar lafiya ta Ingila ta sanya tura majinyata zuwa ayyukan al'umma, irin su ƙungiyoyin motsa jiki da na fasaha, cikin tsarinta na dogon zango. A shekarar ce kuma ofishin Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fitar da babban rahoto kan rawar da fasaha ke takawa a kiwon lafiya. Sai annobar korona ta zo ta bar dubban mutane da haki mai jan lokaci. Kamfanin wasan ofera na ƙasar Ingila ya haɗa kai da asibitocin Imperial College suka kafa shirin ENO Breathe: mako shida ta intanet, ana amfani da waƙoƙin reno, domin kowace al'umma tana da su, kuma an yi su ne don kwantar da hankali.

Me bincike ya nuna?

Gwaje-gwajen farko da aka yi a Royal Brompton, waɗanda aka wallafa a 2010 da 2012, ƙanana ne. A na biyun an kwatanta masu rera waƙa da wasu da ke haɗuwa su kalli fim su tattauna, don a gane ko haɗuwar ce kawai ke amfani. Masu waƙar sun ba da rahoton jin ƙarin ƙarfin jiki, amma ma'aunan da aka ɗauka, kamar tsawon riƙe numfashi da nisan tafiya, ba su nuna wani sauyi ba.

A 2017 cibiyar Cochrane, wadda ta shahara wajen tace binciken lafiya, ta duba lamarin. Gwaji uku kacal ta samu da suka cika sharuɗɗanta, masu ɗauke da mutum 112. Ta ce alamu sun nuna waƙa ba ta da illa ga masu COPD, kuma tana iya inganta yadda suke jin jikinsu, amma ba a ga tasirinta a kan haki ba, sannan ƙarfin hujjar bai taka kara ya karya ba.

Gwaji mafi girma shi ne na ƙasar Denmak, wanda aka wallafa a 2022. Mutum 270 aka raba gida biyu a cikin shirin farfaɗowa na mako 10: wasu suka yi motsa jikin da aka saba, wasu suka yi waƙa. An auna nisan da mutum zai iya takawa cikin minti shida. Masu waƙa sun ƙara kimanin mita 13, masu motsa jiki kimanin mita 14. Masu binciken suka ce waƙa ba ta gaza motsa jiki ba. Sai dai akwai abin lura: masana sun ɗauki mita 30 a matsayin ƙarin da majinyaci zai ji a jikinsa, kuma babu rukunin da ya kai rabin haka. Ƙari a kan haka, mutum 195 ne kawai suka kammala.

Shirin ENO Breathe ma an gwada shi a kan mutum 150, aka wallafa sakamakon a 2022 a wata mujallar gidan Lancet. Waɗanda suka shiga sun samu sauƙi ta fuskar walwalar zuciya da wani ɓangare na haki, amma ma'aunin lafiyar jiki gaba ɗaya bai nuna bambanci na a zo a gani ba. Wani ƙaramin gwaji kuma da aka yi a Landan a kan lafiyayyun mutane takwas ya nuna ajin waƙa yana sa zuciya da huhu aiki daidai da tafiyar ƙafa mai ɗan sauri.

Idan aka haɗa waɗannan duka, hoto ɗaya suke bayarwa. Waƙa ba ta gyara huhun da ya lalace, kuma na'urar auna numfashi ba ta nuna hanyoyin iska sun buɗe saboda ita. Abin da take yi shi ne taimaka wa mutum ya yi amfani da ragowar huhunsa yadda ya kamata, ta rage masa tsoro, ta fitar da shi daga kaɗaici. Ga wanda ya shekara biyar bai je ɗaurin aure ba saboda gudun haki a gaban mutane, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Me ya sa ɗaliban fisiyo?

A Birtaniya da Denmak malaman waƙa ne ke jagorantar yawancin azuzuwan. Sun san murya, amma sai an koya musu cuta. Likitan fisiyo ya san cuta, amma ba a cika koya masa murya ba. Ɗalibin fisiyo yakan haddace sunayen tsokar ƙirji da ma'aunan huhu, sai dai da wuya manhajarsa ta tsaya a kan maƙogwaro da yadda sauti ke tafiya da numfashi, alhali ta ƙofa ɗaya suke fita. Kuma masu ciwon huhu da yawa suna fama da dusashewar murya, wani lokaci ma sakamakon maganin shaƙar da suke amfani da shi.

Dalili na farko na koyar da ɗalibai shi ne su ji abin a jikinsu. Wanda ya gwada jan sauti ɗaya na daƙiƙa 20 ya ji yadda cikinsa ke aiki zai fi iya bayyana shi ga majinyaci fiye da wanda ya karanta a littafi. Na biyu, su samu ƙarin kayan aiki: idan dattijo ya kasa fahimtar umarnin numfashi da ciki, wataƙila ya fahimta idan aka ce ya ja wani layi da ya sani har ƙarshe. Na uku, su san lokacin da ya dace su tura majinyaci ajin waƙa da lokacin da bai dace ba. Ma'aikacin da bai taɓa ganin ajin ba, ko dai ya raina shi ko ya zuzuta shi fiye da kima.

Akwai dalili na huɗu da ba a cika ambata ba. Ɗalibin da aka tsayar a gaban abokan karatunsa aka ce ya rera, zai ji kunya da fargaba. Irin wannan kunyar ce majinyaci ke ji idan aka ce ya yi tari ya tofar da kaki a gaban baƙo, ko ya yi haki a bainar jama'a. Darasi ne na tausayi da allon aji ba ya koyarwa.

Masu adawa kuma suna da hujjoji uku masu ƙarfi. Na farko, manhajar fisiyo a cike take, kuma duk awar da aka ba waƙa an ɗebe ta ne daga wani darasi da hujjarsa ta fi ƙarfi. Na biyu, bitar kwana ɗaya ba ta mayar da mutum malamin murya. Ɗalibin da ya ɗauki ɗan abu kaɗan zai iya sa majinyaci ya matsa wa maƙogwaronsa, ko ya riƙa cika ƙirji da iska, wanda shi ne akasin abin da ake nema. Hausawa na cewa ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na uku, akwai fargabar masu riƙe da kasafin kuɗi su ga waƙa ta fi araha, su rage kuɗin shirin farfaɗowa na ainihi.

Waɗannan hujjoji ba su rushe shawarar ba, amma sun shata mata iyaka. Abin da ya dace da ɗalibi shi ne gajeren darasi da malamin fisiyo da malamin murya za su koyar tare, a haɗa shi da karanta sakamakon gwaje-gwajen nan yadda suke, da ƙarfinsu da rauninsu. Wanda ke son jagorantar aji kuma ya nemi cikakken horo bayan kammala karatu.

Haɗarin da ba a wasa da shi

Rera waƙa cikin taro yana watsa ƙananan ɗigon numfashi a iska. A watan Maris na 2020, mutum 61 suka halarci atisayen wata ƙungiyar mawaƙa a gundumar Skagit ta Jihar Washington a Amurka, ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da korona. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ƙirga mutum 52 da suka kamu ko ake kyautata zaton sun kamu, biyu suka rasu. Binciken da aka yi daga baya a Birtaniya ya nuna ƙarfin murya ne ya fi tasiri: magana da ƙarfi da waƙa da ƙarfi kusan daidai suke wajen watsa ɗigon.

Darasin a fili yake. Ɗaki mai iska, tazara tsakanin mutane, murya matsakaiciya, da tantance duk wanda zai shiga. A ƙasashen da tarin tibi ya yi yawa wannan sharaɗi ya fi tsanani, domin ta iska cutar take yaɗuwa. Mai tari da ba a gwada ba, ko wanda ke iya yaɗa cuta, ba shi da wurin zama a irin wannan aji. Ma'aikacin lafiya ne ya san yadda ake wannan tantancewa, kuma wannan ma hujja ce ta sa likitan fisiyo a tsakiyar shirin.

Inda abin ya shafi Najeriya

Afirka ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A Yuganda, Cibiyar Huhu ta Jami'ar Makerere ta gwada azuzuwan rerawa ga masu ciwon huhu, kuma wani bincike da aka wallafa a 2021 ya nuna majinyata da ma'aikatan lafiya a can sun karɓi shawarar sanya kiɗa da rawa cikin kula da su, muddin aka yi la'akari da al'ada da addini.

Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu kamuwa da tibi, kusan mutum rabin miliyan a shekara bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya. Bincike a ƙasashe daban-daban ya nuna waɗanda suka warke daga cutar, har kusan rabinsu kan ci gaba da zama da tabo a huhu. An ba su takardar sallama, amma haki bai sallame su ba. Ga mafi yawan gidaje na girki da itace ko gawayi, kuma tsadar gas ta mayar da wasu da suka daina. Ga hayaƙin janareto a kasuwanni, ga ƙurar injin niƙa da wuraren fasa dutse, ga hazon hunturu da ke tayar da asma duk shekara. Farashin inhela kuma ya yi tashin gwauron zabi tun bayan faɗuwar darajar Naira da sanarwar da kamfanin GSK ya yi a watan Agustan 2023 cewa zai daina harkarsa kai-tsaye a ƙasar.

Wannan halin ne ke sa dabarar ta zama abin sha'awa, kuma shi ne ke sa ta zama abin tsoro. Aji ɗaya na iya ɗaukar mutum 15 ko 20, ba ya buƙatar lantarki ko na'ura daga waje, a ƙasar da likitocin fisiyo suka yi ƙaranci, da yawansu kuma ke ficewa neman aiki a ƙetare. Amma inda magani ya yi tsada, nan ne ya fi sauƙi wani ya fito yana tallar waƙa a matsayin madadin inhela. Mai asma da ya ajiye maganinsa saboda irin wannan talla yana wasa da ransa ne.

Ta fuskar makarantu, ƙofa a buɗe take. Jami'ar Ibadan ta fara ba da digirin fisiyo tun 1966, kuma a Arewa Jami'ar Bayero da Jami'ar Maiduguri suna cikin masu yaye ɗalibai a fannin. Sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta gwargwadon buƙatar yankinta. Karatun fisiyo kuma ya koma shekara shida. Saboda haka sashen da ke son gwada gajeren darasi a kan murya da numfashi yana da sararin yin hakan.

Sai dai kwafo tsarin Landan yadda yake ba zai yi aiki a Kano ko Maiduguri ba. A ƙasar Hausa an daɗe ana kallon waƙa a matsayin sana'ar wasu gidaje, kuma babban ɗan kasuwa ko daraktan ma'aikata zai yi wuya ya buɗe murya a gaban na ƙasa da shi. Wasu kuma suna da matsaya ta addini a kan kiɗa, wadda dole a girmama. Amma dabarar ba ta dogara da ganga ko molo ba. Rera sauti da baki a rufe da jan numfashi ta bututu ba sa buƙatar waƙa ma sam. Ga waɗanda suka yarda kuwa, akwai waƙoƙin reno da na daka da rubutattun waƙoƙin wa'azi da ake rerawa ba kiɗa, kuma tsarin bayarwa da amshi da ake nema a can abu ne da kowane Bahaushe ya tashi da shi. Raba ajin maza da na mata, da barin majinyata su zaɓi abin da za su rera, zai kawar da yawancin cikas.

Abin da ya rage shi ne gwaji na cikin gida. Sakamakon Denmak ya fito ne daga tsofaffin da taba ta lalata wa huhu, a ƙasar da magani ke samuwa. Matar da ta shekara 30 tana hura wutar itace, da matashin da ya gama shan maganin tibi na wata shida, ciwonsu da halin rayuwarsu daban ne. Sashen fisiyo ɗaya da asibitin koyarwa ɗaya sun isa su haɗa rukuni biyu, su auna tafiyar minti shida kafin da bayan mako 10, su wallafa abin da suka gani ko da bai yi daɗi ba.

A watan Mayun 2023 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙuduri na farko da ke neman ƙasashe su ƙarfafa ayyukan farfaɗo da majinyata a cikin tsarin lafiyarsu. Cika wannan alƙawari yana buƙatar kuɗi da ma'aikata da na'urorin auna numfashi da inhela mai araha, kuma babu waƙar da za ta maye gurbin ko ɗaya daga cikinsu. Amma likitan fisiyon da ya fito daga makaranta ya san yadda zai sa dattijo mai haki ya ja numfashinsa har ƙarshen layi, ya kuma san inda amfanin hakan ya tsaya, ya fi wanda bai sani ba amfani ga majinyatansa.